Sa Hannu Kaɗai Ba Ya Isa: Sharhi Kan Ja-gorancin Ɗaliban Ilimin Halittu a Jami'o'inmu

 Yau jami'a za mu leƙa, mu yada zango a tsangayar kimiyya, a sassan da ake koyar da ilimin halittu, wato bayoloji da danginsa: kimiyyar tsirrai, da kimiyyar dabbobi, da kimiyyar ƙananan halittun da ido ba ya gani, da kuma bayokemistiri. Maganarmu a kan wani malami ce da kowane ɗalibi ya san ƙofar ofishinsa, amma kaɗan ne ke cin moriyarsa. Shi ne malamin da sashe ke ɗora wa alhakin kula da aji guda, wanda ɗalibai ke kira kodineta, wasu wuraren kuma a ce mai ba da shawara.

Kafin mu kai gare shi, mu tambayi kanmu su wane ne ke cika waɗannan azuzuwa. Duk wanda ya koyar ko ya yi karatu a can ya san amsar. Kaso mai tsoka na ɗaliban ba wannan fanni suka nema ba. Likitanci suka cike a fom ɗin JAMB, ko haɗa magunguna, ko aikin jinya. To amma kujerun likitanci a ƙididdige suke, domin hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanke wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta. Dubbai ke nema, 'yan kaɗan ke samu. Sauran kuwa, da yake darussan da suka rubuta a jarrabawar su ne Turanci da fizis da kemistiri da bayoloji, sai a tura su sashen da ya fi kusa. Haka yaro zai buɗe shafin intanet ya tarar an ba shi kimiyyar tsirrai, fannin da ko sunansa bai taɓa ji a gidansu ba.

Wannan yaro da guntun takaicinsa yake shigowa. Tun yana sakandare ake kiransa Dakta a unguwa. Mahaifinsa ya ce masa, “Ka dai karɓa ka shiga, in ka yi ƙoƙari za ka canja.” Sai ya shiga da ƙafa ɗaya, ɗayar tana waje. Da rana yana zaune a lakca, da dare yana bitar tsoffin tambayoyin JAMB domin ya sake zana jarrabawar. Abin da ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa shi ne, canja sashe zuwa likitanci, a inda ma ake yarda da shi, sai da maki mai yawan gaske a aji ɗaya, kuma sai in da gurbi. Ma'ana, hanyar da yake fatan bi ta fita ma sai ta ratsa ta cikin karatun da ya raina. Wanda ya raba hankalinsa biyu a shekarar farko yakan tashi a tutar babu: bai samu canjin ba, ya kuma lalata sakamakon da zai rayu da shi shekara 4.

A daidai nan ne ake buƙatar kodineta. To me ke faruwa a ofishinsa? Ku je ku gani a makon rijista. Layi tun daga bakin ƙofa har kan matakala, kowa riƙe da takardu 3 ko 4 da ya buga a shagon kwamfuta. Mai shiga ya rusuna ya ce, “Malam, sa hannu na kawo.” Malam ya karɓa, ya duba ko jimillar kiredit ba ta haura ƙa'ida ba, ya ja biro, ya miƙa, ya ce na baya ya matso. Minti ɗaya bai cika ba an gama. Ba a tambayi yaron yaya sakamakonsa na bara ya kasance ba, ba a tambaye shi me ya sa ya faɗi kemistiri ba, ba a ma kalli fuskarsa ba. Tamkar likita ne ke rubuta magani bai ɗaga kai ya dubi mara lafiya ba. Daga ranar, ɗalibi da kodineta ba za su sake haɗuwa ba sai wani zangon, ko kuma sai ranar da ta ɓaci.

Adalci ne mu faɗi uzurin malamin. Ma'aunin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, a fannin kimiyya shi ne malami 1 ga ɗalibai 20. A manyan jami'o'in gwamnati kuwa, aji guda na iya ɗaukar ɗaruruwa, kuma mutum ɗaya ake danƙa wa su duka. Sau da yawa aikin kan faɗa kan ƙaramin malami ne, wanda ke koyar da kwasa-kwasai da dama, yana duba takardun jarrabawa, yana tattara sakamako, ga shi kuma yana fama da nasa digirin na uku. Galibi ba wani horo ake ba shi kan ba da shawara ba, ana dai miƙa masa fayil ne a ce Allah ya taimaka. Saboda haka gyaran ya wuce mutum ɗaya. Amma kafin mu zo kan gyara, bari mu ji abubuwan da ya kamata a gaya wa ɗalibi, waɗanda rashin jinsu da wuri ke jawo asara.

Na farko shi ne lissafin maki, abin da ɗalibai ke kira CGPA. A tsarin da galibin jami'o'in Najeriya ke bi, wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, mai daraja 5. B na da 4, C na da 3, D na da 2, E na da 1, F kuma sifili. Kowane kwas yana da nauyinsa na kiredit, ana ninka daraja da nauyi, a tara, a raba da jimillar kiredit ɗin da ɗalibi ya yi wa rijista tun ranar da ya shigo. Wanda ya kammala da 4.50 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu ke nan, daga 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu, daga 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku. Waɗannan alƙaluma suna cikin littafin ƙa'idojin ɗalibai, sai dai nawa ne ke buɗe shi?

Mai sauraro, ka ba ni aron hankalinka mu yi wani ɗan lissafi tare. A ƙaddara ɗalibi yana ɗaukar kiredit 36 kowace shekara, wato 144 a shekara 4. Domin ya fita da 3.50, yana buƙatar tara maki 504. To ya yi wasa a aji ɗaya, ya tashi da 2.00, wato maki 72 ya tara. Saura 432, a cikin kiredit 108 da suka rage masa. In ka raba, za ka samu 4. Wato sai ya riƙa cin B a kowane kwas, shekara 3 a jere, kafin ya kai gaci. Da wuya, amma mai yiwuwa ne. Yanzu a ce ba wanda ya farkar da shi, ya sake maimaita 2.00 a aji biyu. Ya tara 144, saura 360 a cikin kiredit 72. In ka raba, 5 za ka samu. Sai ya ci A a kowane kwas har ya gama, ba kuskure ko ɗaya. Ka ga ke nan tsakanin ƙarshen aji ɗaya da ƙarshen aji biyu ƙofa ke rufewa. Wannan lissafi ba zai ci wa malami minti 10 a kan allo ba, amma ɗalibai da yawa sai a aji uku suke gano shi da kansu, lokacin da bakin alƙalami ya bushe.

Me ya sa 3.50 ke da muhimmanci? Domin a nan ake yawan ja layi. Guraben tallafin karatu na ƙasashen waje da dama, da ɗaukar ƙananan malamai a jami'a, da shiga wasu manyan ma'aikatu, duk babbar daraja ta biyu suke nema. Hatta mai burin likitancin, akwai jami'o'in da ke karɓar mai digirin kimiyya kai tsaye zuwa aji biyu, amma sai digirinsa ya yi kyau.

Na biyu shi ne kariyoba, wato kwas ɗin da aka faɗi aka ɗauko shi zuwa shekara ta gaba. Ɗalibai kan ɗauka cewa in sun sake rubutawa sun ci, shi ke nan an shafe. A yawancin jami'o'inmu ba haka abin yake ba, sifilin farko yana nan cikin lissafi. Wanda ya faɗi kwas mai kiredit 3, ya dawo ya ci B, maki 12 ya samu a kan kiredit 6, daidai da wanda ya ci D. Sannan akwai iyakar abin da ake yarda ɗalibi ya ɗauka a zango guda, galibi kiredit 24, kuma ƙa'ida ita ce a fara cike kariyoba kafin sababbin kwasa-kwasai. In kayan suka yi yawa, dole a ajiye wani abu. A ilimin halittu kuwa darussa sarƙe suke da juna: wanda bai wuce kemistirin aji ɗaya ba zai sha wuya a bayokemistiri, wani kwas ɗin ma ba za a bari ya ɗauka ba sai ya ci na ƙasa da shi. Daga nan ake faɗawa sifiloba, wato ƙarin shekara, abokai su tafi bautar ƙasa a bar mutum yana zagaye. Shi ma zagayen yana da iyaka, domin karatun shekara 4 ba a yarda ya wuce 6 ba. Ga kuma yajin aiki da ba ya cikin lissafin kowa, kamar na ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU a 2022 da ya ci wata 8. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar yafewa hukumar NYSC za ta ba shi, ba zai sa kaki ba.

Akwai kuma wata asara da takarda guda ke iya hanawa. Ɗalibi ya kwanta rashin lafiya, ko mahaifinsa ya rasu ya rasa kuɗin rijista, ko ɗaliba ta haihu ana gab da jarrabawa. Sai kawai a zauna a gida, da niyyar in abu ya lafa a dawo. Jami'a kuwa ba ta san da wannan ba. Abin da za ta rubuta shi ne bai halarta ba, a jera masa sifili. Alhali akwai hanyar neman jingine karatu na zango ko na shekara a hukumance, ta hannun kodineta da shugaban sashe, tare da shaidar asibiti in ta rashin lafiya ce. Wanda aka gaya wa wannan tun makon farko ba zai yi asarar shekara a banza ba. Haka batun rancen karatu na asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024, ya kamata a ce daga bakin kodineta ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi zai fara jin yadda ake nema da sharuɗɗan biya.

Na uku, kuma wanda ya fi nauyi a baki, shi ne faɗin gaskiya kan abin da wannan digiri ke bayarwa da wanda ba ya bayarwa. Ɗaliban kimiyyar ƙananan halittu da na bayokemistiri da yawa suna zaton da sun gama sai ɗakin gwajin jini a asibiti. Doka kuwa ta ba hukumar MLSCN ikon ba da lasisin wannan aiki, kuma masu digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti take yi wa rijista, wanda karatu ne daban na shekara 5. Haka mai son koyarwa, digirin bayoloji kaɗai bai mai da shi ƙwararren malami a idon hukumar TRCN ba, sai ya ƙara da difilomar koyarwa. Jin wannan a aji ɗaya yana da ɗaci, amma jin sa bayan bautar ƙasa, da takardar neman aiki a hannu, ya fi ɗaci.

Sai dai mai ba da shawara na gari ba ya tsayawa kan ƙofofin da ke rufe. Aikinsa ne ya nuna waɗanda ke buɗe, kuma a ƙasarmu suna da yawa, domin matsalolin da ke cin mu a gona da rafi da garke da gida, galibinsu na ilimin halittu ne. Manoman tumatir a Kano da Kaduna ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye gonaki har farashi ya yi tashin gwauron zabo. A shekarar ne kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara mai cin kunnen shuka a Najeriya. Wuta-wuta na nan tana shanye dawa da gero. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Hadejia da Nguru, tsuntsayen jan-baki na samun mafaka a cikinta suna far wa shinkafa. Tsargiya na bin yaran da ke wanka a madatsun ruwa, sauro kuma yana ƙara jure wa magungunan feshi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana jiran wanda ya san ƙwari, ko tsirrai, ko ƙwayoyin cuta.

Wuraren aikin ma ba a ɓoye suke ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ita ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a 2019, mai jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake. A Vom ta jihar Filato akwai cibiyar da ke binciken cututtukan dabbobi da haɗa alluran rigakafinsu. A Kaduna akwai cibiyar binciken sammore da ƙudan tsando. A New Bussa, kusa da tafkin Kainji, akwai ta binciken kifi. A Maiduguri akwai ta Tafkin Chadi mai aiki kan alkama da gero. Cibiyoyin ƙasa da ƙasa irin IITA da ICRISAT suna da ofisoshi a Kano. Kusa da Jos, a dajin Amurum, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke horar da masu digiri na biyu kan kare halittu. Ga NAFDAC, ga NCDC, ga hukumomin ruwa da na muhalli, ga kamfanonin abinci da na iri. Marigayi Farfesa Andrew Nok, wanda ya ci babbar kyautar kimiyya ta NLNG a 2009 saboda bincikensa kan ƙwayar cutar sammore, malamin bayokemistiri ne a Jami'ar Ahmadu Bello. Sa'ad da cutar korona ta shigo a 2020, cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun ce ta fara karanta tsarin ƙwayar halittar cutar a nahiyar Afirka. Ɗalibin da bai taɓa jin waɗannan ba, yaya za a yi ya so karatunsa?

Ba muna cewa aiki na jiran kowa a bakin ƙofa ba ne. Guraben gwamnati kaɗan ne, kowa ya sani. Shi ya sa ya kamata shawara ta haɗa da abin da hannu zai iya: ƙyanƙyasar kifi, da renon dashen itatuwa, da samar da ingantaccen iri, da kiwon zuma, da gwajin tsaftar ruwan leda. Sabon tsarin manhaja na CCMAS da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Wannan dama ce ta cusa darussan da suka dace da yankinmu, kuma aikin kodineta ne ya taimaki ɗalibi wajen zaɓen kwasa-kwasan ganin dama, kada ya bi ayarin “wane malami ne ba ya kayarwa”.

Wani abin da ya kamata a faɗa da babbar murya shi ne batun lissafi da kwamfuta. Da yawa sun ɗauka bayoloji mafaka ce ga wanda ya gudu daga lissafi, haddace sunaye ne da zana hoton ganye. Wannan zamani ya wuce. Binciken yau, ko na ƙwayoyin gado ne ko na yaɗuwar annoba ko na gwajin iri a gona, alƙaluma ne ake tarawa a tace da kwamfuta. Kwas ɗin ƙididdiga da ɗalibai ke ƙi kamar mutuwarsu, shi ne wanda za su fi nema daga baya. Manhajar R da masu bincike ke aiki da ita a duniya kyauta ce, kuma ɗalibin da ya fara koyonta a aji biyu ya yi wa tsaransa nisa.

Sai matakai biyu da ake yawan yin sakaci da su. Na ɗaya, koyon aiki a waje, wato SIWES, wanda asusun ITF ke kula da shi, kuma a sassan kimiyya da dama wata 6 ake ba shi a aji uku. Wasu ɗaliban kan nemi wurin da ya fi kusa da gida, su leƙa sau biyu a mako, a buga musu hatimi a littafi. Alhali wannan ne karo na farko, wataƙila na ƙarshe, da za su taɓa na'urorin da sashensu ba shi da su, su kuma saba da mutanen da za su rubuta musu takardar shaida gobe. Na biyu, furojet na aji huɗu. In ba a fara maganarsa da wuri ba, ɗalibi kan zaɓi batun da kuɗin sinadaransa ya fi ƙarfin aljihunsa, ƙarshenta ya je shago ya sayi aikin wani a canja suna. Malamin da ya san ɗalibarsa 'yar garin masunta ce zai iya nuna mata tsutsotsin cikin kifi ko dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, aikin da madubin ƙara girma da haƙuri za su wadatar.

Bari mu kwatanta yadda zama na ƙwarai zai kasance. Ɗaliba ta shigo da takardunta a farkon aji biyu, malama ta buɗe sakamakonta ta ce, “Zauna tukuna. Na ga kin ci A a bayoloji, amma kin faɗi kemistiri, fizis kuma da ƙyar. Me ya faru?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Wallahi Malama, daga gida nake zuwa, mota biyu nake hawa, kuma firaktikal ɗin ƙarfe 8 ne. Sau da yawa kafin in iso an rufe ƙofa.” Malama ta ce, “To kin ga ba ƙwaƙwalwa ce matsalar ba. Bana kada ki cika kaya, ki ajiye wannan na ganin dama sai baɗi. Zan yi magana da mai kula da ɗakin gwaji a mai da ke rukunin rana. Akwai wata 'yar aji huɗu da ke yi wa ƙanana bitar kemistiri, ki neme ta. Bayan gwajin farko ki dawo ki nuna mini.” Minti 5 ke nan, ba a kashe ko kwabo ba, kuma an taɓa ainihin ciwon.

To ina mafita? Ga hukumomin jami'a, a raba nauyin. Maimakon aji guda a wuyan mutum ɗaya, a rarraba ɗalibai ga dukkan malaman sashe, har da farfesoshi, kowa ya riƙe nasa rukuni tun daga shigowa har fita, yadda zai san su da suna. A ware sa'o'i sanannu a mako, a liƙa a ƙofa. A lissafa wannan aiki cikin nauyin koyarwa da ƙarin girma, domin aikin da ba a auna shi ba a daraja shi. A ba sababbin malamai horo ko na kwana 2 ne kan ƙa'idoji da yadda ake sauraron matashi. Uwa uba, a fitar da sakamako da wuri. Shawara ba ta da amfani in ɗalibi ya yi rijistar sabon zango bai san abin da ya faɗi a na baya ba. Tunda sakamako a kwamfuta yake yanzu, ba abin wahala ba ne a zaƙulo duk wanda makinsa ya yi ƙasa a zangon farko, a kira shi kafin ya kai matakin gargaɗi ko kora.

A kuma kula da mutuncin 'ya'ya mata. Ganawa ta kasance a ofis, a lokacin aiki, ƙofa a buɗe. A samu malamai mata cikin masu ba da shawara, kuma ɗaliba ta san inda za ta kai ƙara, da 'yancin neman a canja mata malami ba tare da an tsangwame ta ba. Sa hannun kodineta amana ce, duk wanda ya mai da ita abin ciniki ya ci amana, kuma hukunci ya dace da shi.

Ga iyaye, a sassauta. Yaron da kullum ake tambayarsa “yaushe za ka koma likitancin?” ba zai taɓa sakin jiki da karatunsa ba, kuma ranar da ya faɗi jarrabawa ɓoyewa zai yi. Ku tambaye shi makinsa nawa, ku nemi ganin takardar sakamako kowane zango, ku san sunan malamin da ke kula da ajinsa. In har an yanke shawarar sake JAMB, a yi ta a fili, a auna riba da asara tare da wanda ya san tsarin.

Makwabtanmu na Nijar, masu karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a Maraɗi da Damagaram, tsarinku na LMD ya bambanta, digirin farko shekara 3 ne da kiredit 180. Amma buƙatar ɗaya ce, kuma cibiyoyi irin INRAN da CERMES da tashar ICRISAT ta Sadore suna buƙatar matasan da aka nuna wa hanya tun da wuri.

Ku kuma ɗalibai, Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kada ku jira a kira ku. Ku karanta littafin ƙa'idojin sashenku, ku riƙa lissafa makinku da kanku kowane zango, ku adana kwafin kowace takardar rijista da aka sa wa hannu, domin ranar tantancewar ƙarshe ita za ta cece ku in wani kwas ya ɓace. Shawarar babban ɗalibi a ɗakin kwana tana da amfaninta, amma manhaja na canjawa, abin da ya yi aiki a zamaninsa ba lalle ya yi a naku ba. In za ku je wurin kodineta, ku kauce wa makon cunkoso, ku tafi da sakamakonku da tambayoyi 2 ko 3 a rubuce. In kun tarar ba ya nan, ku koma. In ya gagara, akwai jami'in jarrabawa, akwai shugaban sashe, kuma haƙƙinku ne a saurare ku.

Shugabannin sassa da ke jin mu, zangon karatu mai zuwa ku gwada abu guda: ku tara 'yan aji ɗaya a makonsu na farko, ku yi musu lissafin maki a kan allo, ku gaya musu abin da digirin ke bayarwa da wanda ba ya bayarwa, sannan ku haɗa kowannensu da malamin da zai neme shi da suna bayan fitowar sakamakon farko. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko izini daga Abuja.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya ba malamansu ikon riƙe amana.